Inna Cokali da Ta Ƙi Zuba Mana Kirim

Kafin direban farko ya tayar da mota a harabar kamfaninmu, Inna Cokali ta riga ta buɗe kicin. Takan fara da wanke ganye, ruwa bayan ruwa, sai ta daina jin yashi a ƙasan roba. Daga nan ta ɗora wake, ta jera kifi a ragar gashi, ta goge dogon teburin ƙarfen da muke bin layi a gabansa. Jarkar mai kuwa ba ta zama kusa da murhu kamar a sauran kicin. Tana can cikin kabad, makullin a ɗaure a bakin zaninta. Idan girki ya kai ga mai, da cokali take ɗebowa, tana kallonsa kamar mai auna wa jariri magani. Daga nan sunan ya samo asali. Direbobi ne suka laƙaba mata don su ɓata mata rai, ita kuwa ta karɓe ta riƙe, har ta kai in ka kira ta da sunanta na yanka ba ta waiwayowa.

Kamfanin jigilar kaya ne, ni kuma a sashen lodi nake. Ban yi nisa a makaranta ba, kuma ban cika daɗewa a wuri ɗaya ba. Ba wanda ya sa ni wannan rubutu. A makon jiya Inna ta ajiye aiki bayan ta ciyar da mutanen wurin tun kafin a haife ni, kuma da kunnena na ji wani yana cewa an rabu da mai rowa. Ban yarda ba, ga kuma dalilina.

Duk shekara ana yi wa direbobi gwajin lafiya. Wanda jininsa ya hau ko sukarinsa ya wuce misali, a ba shi 'yan watanni ya gyara. In ya dawo bai gyaru ba, a karɓi makulli, don ba a barin mutumin da zai iya yanke jiki ya hau titi da tirela. Bana abin ya faɗa kan Yayana. Shi ne babba a gidanmu. Tun rasuwar Baba shi ke riƙe da Mama da ƙannenmu mata, ga nasa 'ya'yan. Kuma ba abin da ya iya a duniya sai tuƙi. Nas ɗin kamfani ta ba shi magani, ta ce ya rage teɓa, ya gyara cin abinci.

Yaya ya ɗauki maganar da zafi. Ya rantse ya bar shinkafa da nama. Ya daina shiga wurin Inna gaba ɗaya, ya koma wani shago da ke bakin ƙofa, wanda aka rubuta wa “abincin lafiya” da koren fenti. Kullum da rana sai ya sayo salak cike da babbar roba, an lulluɓe shi da farin kirim ɗin nan, mayonis, har ba ka ganin ganyen sai ka tona. A mota kuma ga soyayyar gyaɗa yana watsawa a baki tun daga tashi har sauka, ga lemon kwali mai hoton 'ya'yan itace, ga yogot mai zaƙi. A gida matarsa, Anti, ta kawar da sukari ta maye shi da zuma, cokali bisa cokali. Duk wanda ya gan shi sai ya yaba. Wasu direbobin da aka ja wa kunne suka bi sahunsa.

Abin da ba wanda ya so ya faɗa shi ne, Yaya ƙaruwa yake yi. Ya ƙara wa bel ɗinsa huji da ƙusa. Ya ja kujerar mota baya don cikinsa ya daina gogar sitiyari. Mun gani, muka yi shiru, don mutum ne mai zuciya, kuma muna ganin yana ƙoƙari.

Inna ce ba ta yi shiru ba. Wata rana da tsakar rana Yaya ya shigo ɗakin cin abinci da robarsa ya zauna cikin abokansa, don wurin zama dai na kowa ne. Ta fito ta tsaya a kansa tana goge hannu.

“Babban direba, me muka samu yau?”

“Abincin masu son ransu, Inna. Ba irin naki ba.”

“Madalla. Tsaya in nuna maka yadda ake yin farin nan, ko ka huta da saye.”

Ta koma ta buɗe kabad, ta fito da jarkar mai sukutum. Baba Birki, wani tsohon direba da bakinsa ba ya rufuwa, ya ce, “Jama'a, ku shaida, yau Inna ta yi gado.” Aka yi dariya, aka taso aka kewaye teburin. Ta fasa ƙwai, ta ware gwaiduwar a kwano, ta matsa lemon tsami, ta ɗan barbaɗa gishiri. Sai ta cika kofin gilashi da mai, ta ɗaga kowa ya gani, ta fara ɗiga shi a kwanon tana kaɗawa da maburgi. Tana zuba, tana kaɗawa. Abin ya fara kauri, ya fara haske. Dariyar ta yi ta raguwa yadda man ke raguwa. Da kofin ya ƙare, abin da ke cikin kwanon ya zama kirim sumul, mai tsayawa a cokali.

“Baba Birki, ɗanɗana.”

Ya dangwala yatsa ya lasa. “Shi ne. Sai dai nata ya fi na shagon daɗi.”

Ta tura kwanon gefen robar Yaya. “Da na juye maka kofin nan a shinkafa, da ka ce Inna na neman ranka. Amma da ya sa fararen kaya ya hau kan ganye, kullum kana gaishe shi da hannu biyu.”

Yaya ya miƙe, fuskarsa ta haɗe. “Inna, a gaban yara za ki tozarta ni?”

“A gaban yaran za a karɓi makullinka, ɗan nan. Zaɓi wadda ta fi maka sauƙi.”

Ya fita ya bar robar a nan. Abokansa suka bi shi, kuma daga ranar suka yi wa ɗakin cin abincin yaji. Suka ce tsohuwa ta ga shagon waje ya ƙwace mata mutane ne, hassada ke cinta. Suka kai ƙara wurin manaja. Na sha ganin tukwanenta da yamma ko rabi ba a ci ba, tana rarraba wa masu gadi da masu shara.

Manaja ya kira ta ofis. Mai sharar ofishin ce ta ba ni labarin, don tana ciki. Ya ce ta ba da haƙuri a zauna lafiya, ta kuma riƙa haɗa irin salak ɗin da mutane ke so. Inna ta ce, “Ranka ya daɗe, haƙuri zan ba shi a kan yadda na faɗa, in ya zo. A kan abin da na faɗa kuwa, a'a. Kirim ɗin ma in kana so a sayo kwalba a ajiye a tebur, kowa ya zuba da hannunsa yana gani. Amma hannuna ba zai zuba ba, bakina kuma ba zai kira shi abincin lafiya ba.” Aka sayo kwalbar. Wasu suka yi ta zubawa a gabanta don su ƙular da ita. Ta bi su da ido kawai.

Ranar hutunta ta tafi gidan Yaya, a lokacin yana hanya. Anti da kanta ta faɗa mini cewa ko ruwa da ƙyar ta kawo mata, don ta ji labarin tozarcin. Inna ba ta damu ba. Ta ce a nuna mata abin da ake haɗa masa na tafiya. Anti ta jero su a tabarma, idonta ya ciko.

“Inna, duk abubuwan nan ba cewa ake suna da amfani ba? Ni fa daga bakin yara nake ragewa in haɗa masa.”

“Suna da amfani, 'yata. Gyaɗa ba guba ba ce, zuma ma haka. Amma mijinki a zaune yake wuni, ƙafarsa kaɗai ke motsi. Tafin hannu ɗaya na gyaɗa ya ishe shi, shi kuwa leda yake shanyewa. Ki ba shi lemo ya ɓare ya tauna, ki bar na kwalin. Ki dafa masa shinkafarsa daidai cikinsa, mutum ya ƙoshi ya daina kiwo a mota.”

“To in ya ji daga wurinki ne, ba zai ci ba.”

“Ki ce daga wurin nas ne. Ai can na koya, ranar da aka ce nawa sukarin ya hau. Ni ba likita ba ce. Abin da hannu ke zubawa a tukunya kawai na sani.”

Ban san me Anti ta faɗa wa Yaya ba. Abin da na gani shi ne, wata rana ya shigo ya bi layi. Da ya iso gaban Inna sai ya miƙa faranti fuskarsa na kallon bango. Ita ma ba ta dube shi ba. Ta zuba masa shinkafa kaɗan, wake, gasasshen kifi, da ganye mai yawa da lemon tsami da cokalin man nan nata. Haka suka yi watanni, babu sannu babu na gode, kamar masu gaba a gida ɗaya. Baba Birki yakan ce, “Ga amarya da uwar miji.” Ba mai kula shi. Sannu a hankali sauran ma suka dawo layi, kowa na yi kamar bai taɓa tafiya ba.

Ba na cewa ita kaɗai ta yi aikin. Yaya ya sha maganinsa, ya kuma riƙa zagaya harabar da ƙafa kafin a gama masa lodi. Kuma ba kowa ya tsira ba. Baba Birki ya bi maganarta, amma ciwon ya riga ya daɗe a jikinsa, yanzu yana ƙofa yana buɗe wa motoci. Yaya dai da aka sake gwaji, nas ta duba ta sake dubawa, ta ce ya je ya ci gaba da tuƙi, a kuma ci gaba da lura.

Inna, ke ce kika yarda a tsane ki don mutum ya koma gida da aikinsa. Zuba kirim ya fi sauƙi. Da kin zuba, da ana ta yi miki kirari, da tukunyarki ba ta kwana ba. Kika zaɓi a kira ki mai rowa a wurin da kika tsufa kina tsaye a kan ƙafafunki, a bakin mutanen da kika san iyayen wasunsu. Kin yi tsauri, gaskiya ne, kuma bakinki ba ya zagaye. Amma mu da muke da taushin baki, kallonsa muka yi yana huda bel.

Ranar da ta ajiye aiki ba a yi taro ba. Da la'asar ta miƙa makullin kabad, ta ɗauki jakarta ta nufi ƙofa. Daidai lokacin motar Yaya ta zo fita da kaya. Ya taka birki a tsakiyar ƙofar, na baya suka hau hon, bai kula ba. Ya sauko da wani kwali a hannu.

“Inna.”

“Au, yau bakin ya buɗe?”

“An bar mini makullin.”

“Na ji tun ranar.”

Ya miƙa mata kwalin da hannu biyu. “Ga wannan, ba yawa. Biskit ne na alkama. Kin ga an rubuta babu sukari, na tuna da ciwonki.”

Ta buɗe, ta ɓalli ɗaya, ta murza tsakanin yatsunta, ta ɗaga masa su suna ƙyallin maiƙo. “An cire sukari an cika da bota. Har yanzu kwali na yi maka wayo, ɗan nan.” Yaya ya sosa ƙeya. Ta rufe kwalin ta sa a jaka. “Zan kai wa jikoki, su a guje suke wuni. Allah ya yi maka albarka. Ja motarka, ka tare wa mutane hanya.”

Na tsaya ina kallon yatsun nan, sai na gane aikin bai ƙare ba, mai yin sa ce ta tafi. Shagon bakin ƙofa na nan, kwalba na nan a tebur, gwaji kuma zai sake zagayowa.

Na gode, Inna, a madadin Mama da yaran gidanmu da ba su san fuskarki ba. Allah ya ƙara miki lafiya, ya hutar da ƙafafunki. Ku kuma masu riƙe da ludayi a makarantu da ma'aikatu da gidaje, ku da kuka san abin da ke shiga tukunya, ku faɗa wa masu ci ko da za su ɗaure muku fuska. Masu cewa an rabu da mai rowa kuwa, ku ci gaba da faɗa, ba zan hana ku ba. Yau da safe ni na ɗaure wa motar Yayana tamfol, kuma shi ya ja ta ya fita.