Odile Kerbrat, Mai Rarrafe Cikin Fiffike

Shekara talatin da ɗaya, ƙarfe shida na safe a rumfar gyaran jirage ta bayan birnin Paris take yi wa Odile Kerbrat. Sai ta sha kofinta baƙi wuluk, sannan ta juye aljihunta kaf a faranti, har zoben aure. Dokar aikin ke nan: abin da ya shiga tankin mai da ƙidaya, da ƙidaya zai fito. Ita ake turawa ciki saboda ƙanƙantarta, har abokan aiki na tsokanarta wai ko a ambulan ɗin wasiƙa za ta shige.

Bayan mummunan haɗarin wani jirgin fasinja mai dogon hanci da ya fi sauti gudu, an dakatar da sauran irinsa fiye da shekara. Da kamfanin ya tashi dawo da su bai ɓoye dalilansa ba. Fasinjojin da suka saba tsallaka teku cikin awa uku da rabi sun ƙi haƙura, ƙasa na tinƙaho da jirgin, kuma za a lulluɓe cikin tankunan fiffike da shimfiɗa mai ƙarfi don kada su sake ɓulewa. Wannan alkawarin a ofis aka yi shi, amma Odile ce ta yi watanni tana jan ciki cikin warin mai don ya tabbata.

Saura kwana biyu a tashi, an rufe tanki an sa hannu, sai ta ga ƙaramin madubin da take leƙa lungu da shi ba ya cikin akwatinta. Ba wanda ya lura. Amma da ƙafarta ta je wurin shugaban rumfar, Monsieur Lemarchand. Ya dafe kai, ya tuna mata an gayyato 'yan jarida, buɗe tanki kuma asarar kwana uku ne.

"Odile, kin san takardar gargaɗi kike jawo wa kanki? Shekara nawa ba ki da tabo."

"Shugaba, takarda a aljihun tebur za ta kwana. Madubin nan da mutum ɗari zai tashi."

Aka buɗe. Yana nan kuwa, maƙale a bayan wani ƙarfe. Aka ɗage tafiyar, aka kuma ba ta gargaɗin, ta karɓa.

Ke ce kika tona asirin kanki alhali rufin asiri na hannunki, Odile. Wallahi abin yana taɓa zuciyata duk lokacin da na tuna.

Makon jiya ta ajiye aiki. Mun gode, mai gaskiya ko a kanta. Masu sana'a, in kun yi kuskure ku faɗa da bakinku tun jirgi na ƙasa. Mutum ɗarin nan sun sauka lafiya, suna ta mitar an ɓata musu kwana uku, kuma har yau ba su san sunanta ba.