Takardar Malam Hamisu a Bakin Injin Zarto

Ban taɓa mantawa da ranar da Malam Hamisu ya shigo shagonmu riƙe da takarda guda ba, wata Talata bayan ƙaramar salla, a farkon shekarun 1990. Lokacin ina aiki a ƙarƙashin Alhaji Sani Kafinta, a wani zaure cikin birnin Zariya kusa da Ƙofar Doka. Alhaji ne mai shago, ni Idi ni ne mai kula da inji, sai kafintoci biyu masu haɗa kaya. Injin namu ƙaramin tebur ne mai zarto a tsakiya, mutum biyu ke ɗaukarsa su shiga lungu. Yana yanka katako da kyau, garin kuwa sai ya fesa shi sama kamar mai shiƙa.

Malam Hamisu maƙwabcinmu ne, katanga ce kawai tsakaninmu. Sana'arsa rubuta Alƙur'ani da hannu, kuma a tsakar gida yake shanya shafukan kafin tawada ta bushe. Ya yi sallama, ya ajiye takardar a kan inji. Kowane harafi ya kama garin katako, in ka shafa sai ka ji kaushi.

"Alhaji, shafi na tara ke nan a satin nan," in ji shi. "Na je wajen mai unguwa."

Hukuncin mai unguwa gajere ne. Kwana bakwai: ko ƙura ta daina tsallake katanga, ko mu kwashe kayanmu. Alhaji ya dube ni ya ce tunda ni ke tayar da ita, ni zan nemo maganinta.

Na tafi Sabon Gari wajen masu kayan inji. Injin kwashe ƙura na farko da aka nuna mini ya kai rumbu girma, yana kuma son wutar masana'anta. Na auna shi da igiya, na dawo na auna ƙofar zaurenmu, magana ta ƙare. Wasu uku kuma mai kayan ya yarda in ɗauka in gwada.

Malam ne ya kawo hanyar gwajin. Zai ja layuka da tawada a farar takarda, domin ya ce ba zai shimfiɗa aya ga ƙura da gangan ba. Sai ya ajiye ta a tsakar gidansa, mu yanka katako goma, shi kuma ya shafa da yatsa.

Mun fara da babbar fanka a tagar da ke kallon lungu. Takardar Malam ta fita tas. Kafin mu yi murna sai ga Hajiya Ladi mai waina a bakin ƙofa da ƙwaryar ƙullu, tana tambayar wa ya sa mu ƙara mata gari. Na biyu injin tsotsar ƙurar kafet ne da wani malamin jami'a ya sayar. Ya yi ƙoƙari har katako uku, a na huɗu ya fara warin ƙauri. Na uku ƙaramin inji ne mai tiyo, ana haɗa shi da ƙasan tebur ya tura gari cikin buhu. Buhun ya riƙe manyan, lallausar ƙurar kuma ta bi ta saƙar ta fice abinta. Sai da tela ya ɗinka mana wani da yadi mai kauri, ninki biyu. Rana ta shida Malam ya shafa takarda ya ce, "To, madalla."

Washegari sai ga shi kuma da takarda. Alhaji ya ajiye kofin shayinsa ya tare shi.

"Allah gafarta Malam, wani abin ne kuma?"

"Ba ƙara na kawo ba. Malam Idi, tsaya inda ka saba tsayawa."

Ya ja layukansa, ya maƙala mini takardar a gaban riga da allura, daidai ƙasan haɓa, ya ce in yanka goma. Na yanka. Da ya cire ta, ko layukan ba a gani. Tiyon yana kwashe abin da ya faɗa ƙasa ne kawai, wanda bakin zarto ke watsowa sama kuwa duk a fuskata yake sauka.

"Ni in shafi ya lalace, sai in sake rubutawa," in ji Malam. "Tarin da nake jiyowa ta katanga kullum, na wane ne?"

Nawa ne. Shekara goma sha ɗaya ina cewa mura ce. Na ji tsoro sosai ranar, na kuma ji kunya cewa sai da maƙwabci ya gaya mini. Kafin la'asar Alhaji ya sa aka yi wa zarton murfi da tiyo na biyu daga sama.

Mu kafintoci muna auna ƙofa, muna auna katako, muna auna haƙurin maƙwabta, amma ba ma auna wurin da mai inji ke tsayawa. Ku da ke sayen irin kayan nan yanzu, ku fara gwadawa daga can. Zauren mun ci gaba da zama a cikinsa, tarin kuma har yau ina tare da shi.