Baba Muntaka da Allura Mai Tsada

Duk kasuwar Rogo an san mahaifina, Baba Muntaka mai awon gyaɗa, da rashin yarda. Ko ɗan cikinsa ne ya kawo buhu, sai ya zura hannu har ƙasa ya laluba. Ban ga laifinsa sosai ba. Yana saurayi aka sayar masa da taki mai araha, ashe rabi yashi ne, gonarsa ta Beli ta tashi a banza. Tun daga nan, duk abin da ya yi sauƙi cuta ne a wurinsa.

Da girma ya kama shi idon hagu ya tafi, na dama ya fara dushewa ta tsakiya. Yana ganin gefen tabarma, ba ya ganin fuskar wanda ke zaune a kai. Ni na kai shi asibiti a Kano. Likita ta ce sai allura a idon, wata-wata. Iri biyu ce, ɗaya mai sauƙi, ɗaya tsada kamar me, amma aikinsu kusan ɗaya.

Baba ya karkata kai. "Likita, in aikinsu ɗaya, me ya raba kuɗinsu?"

Ta yi bayani har ta gaji. Muna fitowa ya ce, "Sadiƙa, rigata ta kalla. Ta talakawa take son tura mini."

Na ce, "Baba, abin hannunmu zai kai shekara a mai sauƙin." Ya ce ido ɗaya ya rage masa, ba zai yi ciniki a kansa ba. Har kuka na yi masa, ko a jikinsa.

Allura biyu masu tsadar aka yi masa kuɗi suka ƙare. Maimakon ya koma mai sauƙin, ya kafe sai an cire gyaɗa a ci gaba da mai tsadar. Da muka koma da kaka, likita ta ce tabo ya riga ya zauna, ba allurar da za ta yi amfani.

Rannan Malam Barau, tsohon da muke haɗuwa da shi a layin asibiti, wanda ake yi wa mai sauƙin, ya zo gaisuwa. Suna cikin hira ya miƙa hannu ya tsame ɗan ƙwaro daga furar Baba.

Bayan ya tafi Baba ya kira ni. "Da gaske akwai ƙwaron?"

Na ce akwai.

Ya ture kwanon, bai ƙara sha ba.