Ranar Da Aka Ɗauke Ni A Makara

Abokina na ƙuruciya ya daɗe yana fitowa a fim kafin ya koma bayan kyamara. A Talata Mafara har awaki sun san fuskarsa. Amma mahaifinsa, malamin zaure a wani ƙauye kusa da Bakura, tun da ɗan ya shiga harkar ya daina amsa gaisuwarsa sai da ka.

Da ya tashi yin fim nasa na kansa, shi ne furodusa shi ne darakta, sai ya ce a ƙauyensu za a ɗauka, ko tsohon ya ga aikin ba shashanci ba ne. Ni aka ba matsayin gawa.

"Kai kaɗai na sani da ka iya kwana ana daka bisa kanka," in ji shi.

Muka ari makara, aka naɗe ni da farin yadi. Ƙartin da suka ɗaga ni, har yau akwai mai rantsuwa ni na karkata masa kafaɗa. Ina ciki ina danne dariya.

Abin da muka manta, a wajenmu ba a ganin makara a ci gaba da noma. Damina ce, kowa na gona. Sai na ji sawu na ƙaruwa, kafaɗu na sauyawa a ƙarƙashina, kalmar shahada na tashi daga bakunan da ba mu ɗauka aiki ba. Wani tsoho da ke haki kusa da kunnena ya ce, "Allah ya gafarta mai, ko ɗan wane na." Nan dariyar ta bar ni.

Aka aje ni a fili gaban maƙabarta. Na ji an ce a daidaita sahu, na kuwa gane muryar. Mahaifin abokina ne.

Kyamara na ɗauka. In abokina ya yi shiru, ya sami fitowar da kuɗi ba su saye, ya kuma bar ubansa ya sallaci mai rai a gaban garinsa. In ya yi magana, ya tabbatar wa tsohon duk abin da yake zato.

"Baba, ku dakata," in ji abokina. "Wanga mai rai na. Aikina na, ban sanar da jama'a ba."

Aka yaye mini fuska. Ban taɓa ganin shiru mai yawan idanu irin wannan ba. Malam ya daɗe yana dubana, sannan ya juya ga mutane.

"Tunda mun taru, na ciki sun fi shi buƙata. Mu shiga mu yi musu addu'a."

Jama'a suka bi shi. A bakin ƙofa ya waiwayo ya dubi ɗansa, wanda ke tsaye shi kaɗai a baya.

"Kashe abin nan, ka taho. Kabarin uwarka na nan gabas."

Ya kashe kyamarar, ya tuɓe takalmi, suka shiga tare.