Tabon Lamba Ya Sauke Ni A Hanyar Kaduna

A lokacin shekaruna ashirin da 'yan kai, ina ɗinki a shagon yayata a Maraɗi, bakina ya fi keken ɗinkin gudu. Shi kuma sojan Najeriya ne da aka ajiye a bakin iyaka ta wajen Jibiya. A bikin wata 'yar'uwarmu da ke aure a can muka haɗu. Ya ce in ɗinka masa riga, na ce ba na ɗinkin maza, ya ce zai jira har in koya. Bai jira ba. Kafin shekara ta zagayo an ɗaura mana aure a ƙofar gidanmu, da goro da dabino da shaidu, kuma a ganina a lokacin aure bai wuce haka ba.

Da na tare, na tambaye shi ko akwai takardar da ya kamata a yi mini tunda ni ba 'yar ƙasa ba ce. Ya yi dariya ya ce Hausa nake ji, Hausa yake ji, wa zai tsaya bincike. Daga baya ya faɗa mini gaskiya: soja ba ya auren 'yar wata ƙasa sai da izinin manyansa, shi kuwa ya riga ya yi gaban kansa, in ya kai maganar yanzu hukunci zai sha. Don haka duk wanda ya tambaye ni in ce ni 'yar Jibiya ce, zancen takardar zama 'yar ƙasa kuma a bari sai ya samu hutu. Hutu ya zo ya wuce ba sau ɗaya ba, muka cinye shi a ziyara da tsiren yamma. Ni da ba na raga wa kowa a magana, a wannan kaɗai na yi kawaici, don ina son sa kuma ba na son ganin ransa a ɓace.

Aka mayar da shi Birnin Gwari. Muka kama haya a gidan wani dattijo mai sayar da hatsi da muke ce wa Baba, na haifi ɗa namiji, na kafa kekena a tsakar gida. Matan unguwa suna kirana Bakatsiniya, ina amsawa har da yanga. Maigidan kuwa in ya shiga daji sai mu yi makonni ba mu ji muryarsa ba.

Wata safiya abokin aikinsa ya yi sallama, ya ƙi zama. Ya ce an yi musu kwanton ɓauna, an harbi maigidana a ciki, an wuce da shi asibiti a Kaduna, kuma sunana yake ta kira. A wancan lokacin mota ba ta bin hanyar Kaduna ita kaɗai. Sai an taru an jera, sojoji gaba da baya, sau ɗaya a yini. Na miƙa wa matar Baba yaron, na zari mayafi da jaka, na samu gurbi da ƙyar a motar ƙarshe.

Ba mu yi nisa sosai ba muka tarar da shingen jami'an shige da fice. An rufe iyaka bayan juyin mulkin ƙasarmu, ana kuma neman baƙin da ke shigowa haƙar zinariya. Wata jami'a ta leƙo ta ce kowa ya naɗe hannun riga. Na naɗe ba tare da tunanin komai ba. Ashe lambar rigakafin da ake yi wa jarirai, a nan kusa da kafaɗa ake yin ta, mu kuwa a can tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Ta dubi tabon, ta dube ni, ta tambayi garinmu. Na ce Jibiya. Ta tambayi unguwa da sunan mai unguwa, sai bakin nan nawa ya mutu. Ta ce in sauko.

Nan na fasa kuka na faɗi komai. Na ce ni 'yar Maraɗi ce, matar soja ce, mijina yana can rai a hannun Allah. Wallahi ba ta wulaƙanta ni ba. 'Yar'uwa ta kira ni, ta ce in nuna mata ko mene ne da ke shaida auren. Ba ni da shi. Babbansu ya yi ta neman rundunar maigidana a waya, sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Da aka samu, wanda ya ɗauka ya ce lallai akwai wannan soja kuma an harbe shi, amma matarsa da suka sani 'yar Jibiya ce, ba su san wata 'yar Nijar ba. In na ce Jibiya, hannuna ya ƙaryata ni. In na ce Maraɗi, ba ni ce matarsa ba.

Jerin motoci ba ya daɗewa tsaye a wannan dajin. Fasinjoji suka sa baki, wata tsohuwa har da rantsuwa a kaina alhali ba ta san ni ba, amma direba ya sauke jakata ya ba ni haƙuri. Na durƙusa a kan kwalta na riƙe takalmin jami'ar, na ce ta haɗa ni da ɗan rakiya, ta sa mini ankwa ma in ta ga dama, in gan shi kawai in dawo su yi yadda suke so da ni. Ta kau da kai, idonta ya kawo ruwa, ta ce ba ta da wannan ikon. Ina kallo motocin suka tafi.

Aka mayar da ni gari tare da masu haƙar zinariyar da aka kama. Baba ya rufe shagonsa ya zo da abokin maigidana suka tsaya mini, aka sake ni kafin magariba. Na bi direbobin tasha ɗaya bayan ɗaya ina roƙo, kowa ya ce shi ma yana da 'ya'ya. Washegari na bi jerin motoci na isa asibitin bayan azahar. An binne shi tun da hantsi.

Ba na riƙe da jami'ar nan, aikinta ta yi. Maigidana ma na yafe masa, ko da yake wasu ranakun ina yi masa faɗa a zuciyata. Yau ɗana ɗan ƙasa ne, ni baƙuwa ce a ɗakin da na haife shi, kuma duk ofishin da na shiga sai a ce ina mijin da zai tsaya mini. 'Yan'uwana mata na Nijar da Chadi da Kamaru da ke auren sojoji, kada harshe ɗaya ya ruɗe ku, kada ku yarda a canza muku gari, kada ku karɓi alkawarin sai an samu hutu. Ku matsa masa tun yana tsaye da ƙafafunsa, ko zai yi fushi ya yi. Ni da na guji fushinsa, ga abin da wata ma'aikaciyar jinya a asibitin ta faɗa mini. Har la'asar ɗin ranar da aka sauke ni yana da rai, yana tambaya ko motocin Birnin Gwari sun iso. Aka ce masa sun iso. Ya ce to a duba bakin ƙofa, ina nan shigowa.