Rumfar da Ta Hana a Rufe Reshenmu

Har yau ban manta da Talatar da Hajiya Binta, daraktarmu, ta taso daga Katsina don ta rufe reshen Dutsin-Ma ba. Ku da kuka zo daga baya kun tarar da rumfar nan a tsaye, to ga asalinta.

Aikinmu shi ne ba manoma shawara kan iri da taki. Da aka yarda mu riƙa yin rabin mako a gida, rabi a ofis, sai rabin gidan ya haɗiye na ofis. Rahoto yana zuwa ta waya a kan kari, amma gizo-gizo ne ke saƙa a kujeru. Hedikwata ta ce in ba a amfani da ginin za a rufe shi, a mai da mu Katsina. Ni kuwa, ƙaramar jami'ar kula da ma'aikata, ba zan iya barin mahaifiyata ita kaɗai ba. In an rufe, aikina ya ƙare.

Shugaban reshe, Malam Lawal, ya ɗora mini gyaran ofis. Na sa aka yi fenti, aka rataya labule shuɗi, na jera furanni a taga. Wuri ya yi kyau kamar a mafarki, amma ni da furannina kaɗai muke wuni.

Sai na hau mota zuwa Birchi, wajen Malam Idi, babban jami'in gona, wanda ya fi kowa ƙaurace mana. Na same shi a ƙofar gida, kwamfuta a cinya, maƙwabta sun kewaye shi, kowa ya fito da kwanon gidansa ana ciyayya.

Bayan gaisuwa na ce, "Baba Idi, me ofis ya yi maka?"

Ya yi dariya. "'Yata, ɗakin nan naku kowa ya ba bango fuska, ya ba ɗan'uwansa ƙeya. Loma ma sai mutum ya ɓoye ta a aljihun tebur kamar ta sata."

A hanyar dawowa ina kallon gero yana rausaya, maganar tana yi mini yawo a kai. Washegari na nemi a kafa rumfar zana a gindin mangwaron bayan ofis, da tabarmi, da randa, a jawo waya daga sola don caji, a keɓe wa mata gefensu. Ranar Talata kuma kowa ya zo da kwanonsa.

Malam Lawal ya ce, "Nafisa, ofis za ki gyara ko gidan suna za ki buɗe?" Ya nisa. "Gwada dai. Wanda ya faɗa rijiya, ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi."

Ranar da Hajiya ta iso, ofis ta fara shiga. Ta dubi kujeru babu kowa, ta ce, "Malam Lawal, ba sai na zauna ba. Na ga abin da na zo gani."

Sai dariya ta ɓarke daga bayan ofis, Hajiya ta bi sautin. Ga ma'aikata cike da rumfa, Malam Idi yana duba ganyen masarar da tsutsa ta ci, wanda manoman Makera suka kawo, mata suna buga rahoto, kwanuka a jere.

"Ranki ya daɗe, bismillah," in ji ni.

Ta cire takalmi ta zauna a gefenmu. Ta kai loma.

"Dambun nan na wace ce?"

"Na mahaifiyata ne, Hajiya."

"Ki ce mata yaji ya yi kaɗan. Zan dawo wata mai zuwa in ga ko ta gyara."

Malam Lawal ya juya ya share goshi da hularsa.

Abin da na koya shi ne, takarda ana iya turo ta daga ko'ina, amma mutanenmu ba sa baro gida don tebur, sai don fuskar juna. Hajiya kuwa har yau ba ta yarda yajin ya kai ba.