Gurbin da Hamad Ya Samu

A unguwar Hindawiyya, a birnin bakin teku da mahajjata ke sauka, aka haifi Abdulghani, a farkon shekarun hamsin. Mahaifinsa ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa don sauke farali, bai koma ba, ya zauna yana sayar da ruwa gida-gida har Allah ya karɓi ransa. Da ya rasu sai Abdulghani ya bar makaranta, ya shiga koyon walda a wata warsha, wato shagon aikin ƙarfe, kusa da tashar jiragen ruwa, don ya riƙe mahaifiyarsa, Inna Turai. Amma ba da walda aka san shi a unguwa ba, da ƙafarsa ta hagu aka san shi. In ya ɗirka wa ƙwallo duka a filin bayan unguwa, mai tsaron gida kan kauce ne don ya tsira da yatsunsa.

Abokinsa tun suna yara shi ne Hamad, ɗan wani mai shagon yadi. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu. Hamad ya gama sakandare, kuma gidansu suna da takardar zama 'yan ƙasa, alhali Abdulghani iƙama, takardar izinin zaman baƙo, kawai yake riƙe da ita. A fili kuwa Hamad ɗan tsakiya ne mai natsuwa, ba ya ɓata wasa, ba ya kuma sa kowa ihu.

A shekarar saba'in da biyu wani Ba'amurke da ke aikin gina tashar jiragen, wanda kowa ke kira Muhandis, wato injiniya, ya tsaya kallon wasansu wata Juma'a bayan la'asar. Da aka tashi ya kira Abdulghani, ya fito da wata ƙwallo mai kama da gwanda daga motarsa. Da guntun Larabcinsa, Hamad na cike masa da Turancin makaranta, ya bayyana cewa a ƙasarsu kwalejoji na wasa da irin wannan, kuma a kowace ƙungiya akwai mutum ɗaya da aikinsa kawai ya buga ta ta wuce tsakanin dogayen ƙarafa biyu. Wanda ya iya, kwaleji ke ɗaukar nauyin karatunsa da abincinsa da wurin kwanansa. Yayan Muhandis kocin wata kwaleji ne, kuma mai bugu yake nema.

Abdulghani da hannunsa ya haɗa ƙarafan da tsofaffin bututu, suka kafa su a ƙarshen fili. Hamad ke durƙusawa ya tokare masa ƙwallon da yatsa, shi kuma ya buga. Cikin wata guda ya gane kanta. Daga nan ya ce wa Hamad, "Yalla, tashi ka gwada, ka gaji da durƙuso." Ya nuna masa inda zai dasa ƙafa da yadda zai karkata. Na Hamad ba ya nisa, amma yana tafiya daidai. Muhandis ya ɗauke su a injin hoto mai motsi, ya aika wa yayansa. Amsa ta zo cewa kocin na son su duka biyu, kuma zai jira Abdulghani ya cike karatun da ya rage masa.

Abdulghani ya shiga makarantar yamma. Yakan tashi daga warsha idanunsa na raɗaɗin hasken walda, ya zauna cikin yara yana haddace kalmomin Turanci.

Bayan wasu watanni Muhandis ya zo warsha da kansa, ya kira shi gefe. Ya ce an yi sabuwar doka a ƙasarsu, an rage yawan 'yan wasan da kowace kwaleji za ta iya ɗaukar nauyinsu. Gurbi ɗaya ya rage wa mai bugu, kuma kocin ba zai iya ajiye shi ga wanda bai da takardar sakandare da fasfo ba. Hamad zai tafi.

"Amma ni na fi shi," in ji Abdulghani.

Muhandis ya ce ya sani, yayansa ma ya sani.

"To, halas, shi ke nan," in ji Abdulghani, ya sauke gilashin walda a fuskarsa, ya koma kan ƙarfen da yake haɗawa.

Ranar walimar tafiya, Hajiya Madina, mahaifiyar Hamad, ta aiko musu da faranti na shinkafa da nama. Abdulghani ya ce cikinsa na ciwo. Inna Turai ta dube shi ta ce, "Ba cikinka ba ne. Tashi ka je ka yi wa ɗan'uwanka addu'a, kada mutane su karanta fuskarka." Ya je, ya rungume Hamad, ya ce Allah ya ba da sa'a. Hamad ya ce, "Wallahi ya Abdulghani, wannan wurin naka ne." Wannan maganar ta fi komai ƙona masa rai, domin gaskiya ce, kuma Hamad bai ce zai fasa ba.

Daga nan ya daina zuwa makarantar yamma, ya daina zuwa fili. Ya tuge ƙarafan, ya yanka su ya yi wa wani mai gahawa ƙafafun benci. Hajiya Madina ta rataye hoton Hamad a zaure, sanye da hular kwano da kafaɗu kamar na ingarma, duk wanda ya shiga sai ta nuna masa. Abdulghani ya koma bin bayan layi in zai je masallaci. Ya yi aure a cikin shekarun nan, ya auri Mastura, 'yar wasu Hausawan Sudan da ke unguwar Nuzla. Ita ce ta lura cewa duk ranar da aka ambaci Amurka a gidan, mijinta ba ya gama abincinsa.

A shekara ta uku Hamad ya dawo, ba digiri. Ashe tallafin shekara-shekara ake sabunta shi. Ya zubar da bugu a wasu manyan wasanni, an kuma ƙara rage guraben, sai kocin ya ba wani nasa. Da labarin ya iso warsha, Abdulghani ya ji wani sanyi ya ratsa ƙirjinsa, ya yi istigfari, sanyin bai tafi ba. A ranar ya sayi kilon tuffa ya tafi yi wa Hamad barka da dawowa, har yana ba shi haƙuri.

Daɗin bai daɗe ba. Lokacin kuɗin mai ya buɗe, jiragen kaya sun yi layi a teku, kamfanoni na neman duk wanda ke jin Turanci da Larabci. Kafin shekara ta zagayo Hamad ya zama babban ma'aikaci a wani kamfanin jigilar kaya, ya sayi mota, ya ɗauke iyayensa zuwa wani bene a arewacin gari. Abdulghani ya ce wa Mastura, "Kin gani? Faɗuwarsa ma ta fi tsayuwata."

"Kai ma ai ka buɗe warsharka," ta ce.

"Da sunan kafili, ɗan ƙasar da ya tsaya mini. Ko allon ƙofar ba sunana ba ne."

Wata rana da hantsi motar Hamad ta tsaya a ƙofar warshar. Ya ce kamfaninsu na son a yi musu ƙofofin ƙarfe na sabon sito, shi kuwa bai san wanda ya fi Abdulghani ba. Abdulghani ya so ya ce aiki ya yi masa yawa, amma yana da 'ya'ya biyu, ga Inna Turai ba lafiya. Ya aika aka kawo shayi, suka zauna kan gwangwanayen fenti.

Hamad ya ba shi labarin da bai ba kowa ba. Sanyi, da zaman benci wasa guda cur ana jiran bugu ɗaya, da abokan wasa da ba sa yi masa magana in ya zubar. Ya ce a wasansa na ƙarshe tsoro ya cika shi tun kafin ya taɓa ƙwallon, ya kuwa zubar.

"Da kai ne, da ta shiga," ya ce.

"Na sani," in ji Abdulghani. Ya juya kofinsa a hannu, can ya ce, "Filin ya cika?"

"Ya cika."

"Duk suna kallonka kai kaɗai?"

Hamad ya ce e.

Abdulghani ya karɓi aikin, ya yi ƙofofin da kyau, wasu ayyukan suka biyo baya, har ya ɗauki ma'aikata. Ya riƙe mahaifiyarsa har ƙarshen ranta, ya sa 'ya'yansa duka a makaranta. Shi da Hamad suna gaisawa, suna zuwa sunan juna da ta'aziyya. Sau da yawa Hamad ya gayyace shi cin abinci a benen nan, kullum Abdulghani yakan ce in sha Allahu wani makon, kuma bai taɓa hawa ba.